Ciwon da Muka Ɓoye wa Babanki

Ardabil,
Laraba, tara ga watan Isfand, watan ƙarshe na shekararmu.

Zuwa ga 'yata Solmaz,

Aminci da rahamar Ubangiji su lulluɓe ki, ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufinki. Ina roƙon Allah wannan takarda ta iske ki da lafiyar jiki da kwanciyar rai, ke da maigidanki Bihruz da yaran nan biyu, Allah ya raya su a kan gaskiya, ya sa su fi iyayensu jin magana. Mu nan sanyi ya fara sassautawa, ƙanƙara na narkewa, lungunmu duk ya zama caɓi, gwiwoyina kuwa ba su san an sassauta ba. Yayanki Yashar yana lafiya. Matarsa Ailar cikinta ya shiga wata na bakwai, ƙafafunta sun kumbura amma ba ta zauna ba, yarinyar kirki ce, na yi mata wannan shaida. Baffanki Bairam yana nan da bakinsa yadda kika san shi. Matan unguwa sun fara fitar da darduma suna kaɗewa saboda sabuwar shekara, ni bana ko labule ɗaya ban sauke ba.

Shekara biyu saura wata uku ke nan rabon da ni da ke mu yi maganar kirki. Na san kina kiran babanki duk Juma'a, ina jin dariyarsa daga wurin tukwane, kuma na san da zarar ya ce ga mamanki sai ki tuna kin bar abu a wuta. Ban haifi 'yar da za ta yi wa uwarta haka ba, ban kuma yi mata wannan tarbiyya ba, kuma ranar da taki 'yar ta girma za ki san zafinsa. Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Na zaɓi rubutu ne saboda na san halina: idan na kira ki, kafin in kai ga abin da ya sa na kira, faɗa zan fara. Idan na gama, Ailar za ta ɗauki hoton shafukan ta tura miki a waya. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci.

Kin san farkon maganar, amma zan maimaita don ki ga ban manta rabona a ciki ba. Ranar da aka zura wa babanki na'ura ta maƙogwaro aka ga ƙari a tumbinsa, aka ce ciwon daji ne, muna tsaye a barandar asibiti Baffanki Bairam ya ja ni gefe. Shekara talatin da takwas da aurena har yau amarya yake ce min. Ya ce amarya, idan kalmar nan ta fita daga bakinki a gaban ƙanena Ainulla, ki sani ke kika kashe shi, ba ciwon ba. Ya tuna min mahaifinsu, wanda likita ya gaya wa ƙiri-ƙiri a Tabriz, ya dawo gida ya juya fuskarsa ga bango, kwana arba'in bai cika ba aka binne shi. Yashar ya goyi bayan baffansa. Ni ma na yarda, ba wanda ya tilasta min. Muka ce wa babanki gyambon ciki ne ya yi tsanani sai an yanke. Kika taso daga Bandar Abbas, kika tsaya a ɗakin girkina kika ce Mama, cikinsa ne fa, ba namu ba, da wane dalili za mu san abin da ke cikinsa shi bai sani ba? Na sa kika dafa Alƙur'ani kika rantse ba za ki gaya masa ba, na kuma ce kada ki sake tako min gida sai kin koyi yadda ake magana da manya. Kin riƙe rantsuwarki. Kin kuma riƙe ɗaya maganar fiye da yadda na zata.

Abin da ba ki sani ba shi ne abin da ya biyo baya, domin Yashar ya ce miki an gama magani lafiya, kuma ba haka ba ne. Bayan an cire masa kashi biyu cikin uku na tumbinsa, likita ta rubuta ƙarin ruwa na maganin daji sau takwas, duk bayan mako uku. Mu muka ce masa ruwan ƙarfafa jiki ne. Duk ranar zuwa asibiti nakan ɓoye tabaransa a cikin tukunyar shinkafa don kada ya karanta rubutun da ke saman ƙofar sashen, in taya shi nema, in yi masa faɗan mantuwa. Ya yi huɗu. Maganin ya sa yatsunsa ba sa iya taɓa ƙarfe mai sanyi, ko cokali ya ɗauka sai ya yar. Sai ga lokacin haƙar dankali ya zo. Ya ce min wane mahaukaci ne zai kwanta ana ɗura masa ruwa har sau takwas a kan gyambo, ga dankali na jiran ruwan sama ya ruɓar da shi a ƙasa? Ya ce abokinsa Rahim ma an yi masa aikin gyambo, kwana goma ya koma kan tarakta. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da Allah. Amsa ɗaya ce za ta zaunar da shi, ita ce kuwa na hana kowa faɗa. Aka yi hoto bayan kaka, aka ce ba a ga komai ba. Na cika bakancen da na yi, na dafa manyan tukwane uku na faten nono da ganye, unguwa duk ta ci. Da lokacin komawa a duba shi ya yi, ni da bakina na ce wanda ya gode wa Allah a bainar jama'a ba ya komawa yana bincikar kyautar da aka yi masa. Haka na faɗa, kuma ya yi kama da magana ta addini. Gaskiyar ita ce na gaji da ɓoye tabarau.

Da sanyin bana ya shigo sai na ga ya koma cin cokali uku ya ture kwano. Ya huda wa ɗamararsa sabon rami, ga cikin kuma yana tasowa. Muka lallaɓa shi muka kai shi. Bayan hoto, Likita Ulduz, wadda ta duba shi tun farko, ta kira ni da Yashar mu kaɗai ta ce ciwon ya dawo, ya bazu a fatar da ta lulluɓe hanji ta ciki. Kin san ni. Na ce mata 'yata, da bakinki kika ce ba a ga komai ba, to ko dai wancan hoton ƙarya ne ko wannan. Ba ta ji haushi ba. Ta tambaye ni sana'ar maigidana, na ce noman dankali. Ta ce ita ma 'yar manomi ce daga wajen Mishgin, ta ce to Hajiya, kin san gyauro. An haƙe gona tas, an tsince, an share, ka tsaya a kunya ka rantse ba saura, amma ƙananan 'ya'ya kamar kan yatsa sun maƙale a ƙasa, su kwana cikin sanyi ba motsi, bazara na zuwa su tsiro. Ta ce hoto gonar yake gani daga sama.

Zan rubuta miki abin da ta bayyana yadda na fahimce shi, ke kin fi ni karatu, idan na yi kuskure kya gyara. Na tuna a aji na tara malamarmu ta nuna mana fatar albasa a madubin ƙara girma, muka ga ƙananan ɗakuna jere, ta ce da irinsu aka gina jikin mutum. To, likita ta ce irin ɗakunan nan, wato ƙwayoyin da ke cikin ƙari, ba duka ɗaya suke ba. Mafi yawansu masu gaggawa ne, suna ta rabuwa suna yawaita, su ne suke sa ƙarin ya girma, kuma su ne magani ya fi kamawa, domin an yi shi ne don ya kashe mai saurin rabuwa. Amma a cikinsu akwai 'yan kaɗan da suke kamar iri. Ba sa gaggawa. Suna iya yin barci wata da watanni, magani ya zo ya wuce ta kansu, wasu ma suna tofar da shi waje. Idan ɗaya ta farka ta rabu, sai ta haifi wata irinta da za ta zauna a matsayin iri, ta kuma haifi masu gaggawar da za su sake cika wuri. Ta ce masu bincike sun fi zargin waɗannan da dawowar ciwo bayan an yi zaton an gama da shi, kuma har yanzu ana neman maganin da zai same su a inda suke kwance.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na biyu. Ta ce irin nan ba ya rayuwa shi kaɗai, sai da taimakon maƙwabta. Naman da ke kewaye da shi lafiyayye ne, ba daji ba ne. Akwai ƙwayoyin da aikinsu ɗinke rauni, sukan taru su yi masa katanga mai tauri har magani ya kasa ratsawa sosai, su kuma riƙa aika masa abin da ke hana shi mutuwa. Jijiyoyin jini su miƙo masa abinci. Hatta sojojin jiki da ya kamata su kashe shi, wasunsu sai a juya musu hali su koma masu gadinsa, su kori 'yan uwansu da suka zo yaƙi. Na tambaye ta me ya sa lafiyayyen nama zai yi wa mai shi wannan cin amana. Ta ce ba cin amana ba ne a wurinsu, su a ganinsu rauni suke ɗaurewa. Na zauna a kujerar nan jakata a cinya, na kasa kallon Yashar. Ta kuma ce ita ƙasar tun da daɗewa ake gyara ta: akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi tun mutum yana yaro, ta shekara talatin ko arba'in tana sa wurin kumburi, ga gishiri mai yawa yana taimaka mata. Na tambaye ta ko naman da nake soyawa in adana cikin kitse da gishiri duk kaka, da cukun da yake so, su ne suka jawo. Ta ce ba mai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne, duk yankinmu haka ake ci, kuma duk yankinmu ciwon ya yi yawa. Ta ce dai ku 'ya'yansa ku je a gwada ku, gwajin numfashi ne kawai, idan an samu ƙwayar maganin mako biyu ne. Yashar ya yi nasa. Ke ma ki yi, ba shawara nake ba ki ba.

Na yi mata tambayar da ke ma za ki yi: da ya cika takwas ɗin nan, da bai dawo ba? Ta ce ba za ta rantse ba, akwai waɗanda suka cika kuma ya dawo musu, amma da ya fi samun dama. Ta ce yanzu ba maganar warkewa ake ba. Ana iya danne shi, a rage ruwan da ya taru a cikinsa, ya samu ya ci abinci, a ƙara masa watanni, wataƙila fiye da shekara idan jikinsa ya karɓa, za kuma su gwada naman da aka cire su ga ko wani sabon magani mai tayar da sojojin jiki zai dace da shi. Sannan ta rufe fayil ta ce wancan karon ta bi mu, wannan karon ba za ta rataya masa ko ledar ƙarin ruwa ɗaya ba sai ya san sunan abin da ke damunsa, domin lokacin shuka na zuwa zai sake tashi ya tafi gona, kuma da gaskiyarsa. Ta ba mu ranar Laraba, ashirin da uku ga wata, kafin hutun sabuwar shekara ya rufe komai.

Da Baffanki ya ji sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce wannan likitar da aka haifa jiya ce za ta koya mana yadda ake riƙe mara lafiya? Ya ce a canja likita, a ce gyambon ne ya motsa, ai Ainulla ko ce masa aka yi aljani ne ya shiga cikinsa zai yarda muddin amarya ce ta faɗa. Ya yi dariya, ni ban yi ba, domin gaskiya ya faɗa kuma ita ce ta fi ciwo. Yashar ya sa kai a gwiwa yana cewa Mama a bari sai bayan bikin sabuwar shekara, a bar shi ya ga jikansa da farin ciki. Kwana huɗu ina juya maganar. Na tuna ranar da na zane ki da bulalar rumman kina shekara bakwai, ba don kin fasa kofin shayi ba, sai don kin ce kyanwa ce. Na ce miki a gidan nan ana yafe ɓarna, ba a yafe ƙarya. Mutum ya yi hattara da dokar da yake kafa wa yara, domin suna girma da ita a kunne ko da shi ya manta.

Ranar Alhamis da hantsi na same shi a sito yana tsince dankalin iri, yana ware masu tsiro daga ruɓaɓɓu, safar hannu biyu a kowane hannu. Yana ganina ya ce to, ga shugabar makaranta ta zo duba aiki, yau wane laifi muka yi? Na zauna a kan buhu. Ban yi kwana-kwana ba, domin na san idan na fara ba zan iso ba. Na ce ba gyambo ba ne, bai taɓa zama gyambo ba, ciwon daji ne, an yanke, ya dawo. Hannunsa bai tsaya ba. Ya jefa dankali uku ko huɗu a kwando kafin ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na faɗa masa. Ya ce ruwan nan da ake ɗura min fa? Na ce maganinsa ne. Sai ya ajiye na hannunsa ya dube ni, ya ce Farangis, kina tsaye kina kallo na bar maganin daji na tafi haƙar dankali? Ya ce da na sani, da na bar gonar ta ruɓe har ƙasa ta yi wari, ni yaro ne? Ya tambayi wa da wa suka sani. Na lissafa masa: yayansa, ɗansa, surukarsa, ke, Rahim, limamin unguwa, matan da suka taya ni dahuwar bakance. Ya ce wato duk wanda ya miƙo kwano a ƙofar gidana yana min barka ya san abin da ke cikina, ni kaɗai ne baƙo. Bai ɗaga murya ba, Solmaz, da ya ɗaga da na fi samun sauƙi. Can ya ce a cikin duk mutanen nan ba ko ɗaya da ya ce a gaya min? Na ce akwai. Ya ce wa? Na faɗi sunanki, na faɗi abin da na yi miki.

Yau kwana shida bai ce min uffan ba. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma tsohon ɗakin Yashar da ba murhu. Abin da zai iya ci daga hannun Ailar yake karɓa. Baffanki ya zo da nasiharsa, babanki ya ce masa Yaya, ka girme ni da shekara shida, ba ka girme ni da rai ba, ka koma gida. Bai juya fuska ga bango ba, kullum yana sito. Ranar Juma'a da kika kira yana kallon wayar har ta katse, ya ce wa Ailar ba zai iya yi miki dariyar ƙarya ba yanzu da ya san ke ma ta dole kike yi masa. Jiya ya aiko ta da saƙo gare ni, muna gida ɗaya. Ya ce zai je wurin likita, zai sha duk abin da aka ba shi, amma ba da ni ba, ba da Yashar ba, ba da yayansa ba. Ke za ki kai shi, ki zauna kusa da shi, duk abin da likita ta faɗa ki maimaita masa yadda yake ba ragi. Idan ba ki zo ba, ba inda za shi. Ailar ta ce Baba to ka kira ta mana, ai ba za ta ƙi ka ba. Ya ce a'a, wadda ta kore ta ita za ta kira ta.

To ga shi ina kira. Rantsuwar da na ɗora miki na sauke ta, nauyinta yana wuyana, na fara azumin kaffara tun shekaranjiya. Maganar da na yi cewa kada ki tako gidana na janye ta. Ban ce yadda kika ɗaga min murya a ranar daidai ba ne, har gobe ba daidai ba ne. Amma abin da kika faɗa shi ne daidai, ni ce na yi kuskure, kuma kuskuren nawa a jikin babanki ya sauka. Ban saba rubuta irin wannan ba, kada ki sa in maimaita. Na san akwai aikinki da makarantar yara, na san tafiyar ba kusa ba ce, sai kin sauka a Tehran kin sake hawa wani jirgi. Ki roƙi Bihruz, mutum ne mai hankali. Ki taho da kaya masu nauyi, kin manta sanyinmu. Idan kin gan shi za ki tsorata da yadda ya rame, ki yi kukanki a mota kafin ki shigo. Idan ba kya son yi min magana ba sai kin yi ba, gidan yana da ɗakuna.

Ki gaishe min da Bihruz da mahaifiyarsa Hajiya Mahin, ki ce ina mata sannu da ciwon baya. Ki shafa min kan Araz, ki ce wa Sebda kakarta ta ga hoton rubutunta, ya yi kyau amma ta riƙa bin layi. Yashar da Ailar suna gaishe ki. Baffanki ma ya ce a gaishe ki, da ƙyar.

Ranar Laraba ce, ashirin da uku ga wata, ƙarfe tara na safe, a asibiti, hawa na biyu. Mako biyu daga yau. Ni zan zauna a benci a waje, idan ya yarda in biyo ku.

Mahaifiyarki,
Farangis.